Baba Haladu da Tafiyar Dam

Baba Haladu ba ya fita daga gida sai da wanda zai gaisar. Kowa a cikinku ya san wannan, amma da nan zan fara, domin ba na son a ɗauko labari daga tsakiya. In ka ce masa, "Baba, zo mu je kasuwa," ba zai tambaye ka me za a saya ba. Cewa zai yi, "Wa za mu gaida?" In ka ce babu kowa, sai ya koma kan teburin gugarsa ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Guga ce sana'arsa, kuma kun san ba ya yarda a zo karɓar kaya. Shi zai kai. Riga ɗaya ta wani ma'aikaci a Wuse tana iya cinye masa yini guda, saboda tsakanin Karmo da Wuse akwai mai ciwon ƙafa, akwai wadda ta haihu, akwai wanda aka yi wa sata. Lokacin da wayar hannu ta shigo, bayan sojoji sun koma bariki, ɗansa ya aiko masa da guda ɗaya daga Kano. Sai ya kira ni.

"Usmanu, kana gida?"

"Ina gida, Baba."

"To, ga ni nan zuwa in gaishe ka." Ya kashe.

Da ya iso na ce, "Baba, ai da ka gaishe ni a wayar, ka huta."

Ya ce, "Ban ga idonka ba. In kana kwance, za ka gaya mini ne?"

Yanzu in zo kan tafiyar dam, wadda kuka ce in rubuta tun da ni na shirya ta.

Shekarar da aka zo aka shafa jan fenti a bangayen layinmu na Karmo ce. Gari yana ta girma, ko'ina ana zuba kankare, manyan motoci na ta shigowa, mu kuma aka ce mu tashi. Ba a faɗi rana ba, amma kowa ya san katafila na hanya. Mutane suka fara neman ɗaki a ɓoye, wannan Lugbe, wancan Karu, wani Suleja, wani ya ce gida zai koma gaba ɗaya. Ni ne sakataren layi. Na ga cewa in ba a yi wani abu ba, za mu watse kamar ba mu taɓa sanin juna ba. Shi ya sa na kawo shawara mu fita tare sau ɗaya, mu yi hoto gaba ɗayanmu a bakin ruwa, a wanke, kowa ya tafi da nasa. Shekara da shekaru muna sayen ruwa a jarka wajen 'yan garuwa, amma babu wanda ya taɓa ganin dam ɗin da ake cewa shi ke ba Abuja ruwa.

Tsarin ba shi da wuya. Da farko, ƙauyen masu ginin tukwane a hanyar Bwari, a duba, a wuce. Daga nan tsohon garin da ke kan dutse. Sannan dam, kafin la'asar ta yi sanyi, saboda ana rufe ƙofa, kuma kyamarar da na aro a ofis ba ta ɗauka sai da hasken rana. Na maimaita wa kowa wannan a taro, na sake maimaitawa a bakin mota.

Baba Haladu ya fito da babbar riga fara, ta sha sitaci, da jaka a kafaɗa. Sauran mutane kowa da kambas da hular rana.

Na ce, "Baba, dutse fa za mu hau."

Ya ce, "Wa za mu gaida a can?"

"Babu kowa. Gani kawai za mu yi."

"Dutsen ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya yi da za mu je mu tsaya a kansa?"

Hajiya Talatu mai abinci, wadda ke ta fama da kulolin shinkafa a bayan mota, ta leƙo ta ce, "Baba, ka shigo kawai. Yawon buɗe ido ake ce masa."

Ya ce, "Ni nawa a buɗe yake tun asuba." Amma ya shiga. Daga baya na gane abin da ke cikin jakar: goro, sabulu, da turmin atamfa ƙarami. Wai ko da za a tarar da haihuwa.

Direbanmu Bitrus ne, Gbagyi ɗan yankin, wanda ya san kowane lungu. Muka isa ƙauyen tukwane da hantsi, daidai yadda na tsara. Na sauko, na jera mutane, na ce mata gaba, maza baya, kada kowa ya taɓa tukunya sai ya yi niyyar saye. Ina cikin wannan bayani na waiga, babu Baba.

Can na hango farar rigarsa a gindin wata bishiyar mangwaro, inda maza ke zaune kan bencina sun yi jugum. Ya riga ya cire takalmi. Ya ɗaga mini hannu.

"Usmanu, rasuwa aka yi. Kawo mutane."

"Baba, ba mu san su ba."

"Mutuwar ma ba ta san su ba, ta zo."

Na ce wa Bitrus ya je ya janyo shi. Bitrus ya je, ya yi magana da wani dattijo da yarensu, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Oga, akwai wahala. Sun ga babban mota fari, sun ga Baba da babban riga. Sun ce gwamnati ya aiko mutane gaisuwa."

Kafin in buɗe baki an kawo kujerun roba. An tashi tsofaffi daga inuwa an ba mu. Mata suka shige cikin gida, kuma ba a jima ba na jiyo muryar Hajiya Talatu ta fi ta kowa, tana kuka kamar ita aka yi wa rashi. Ɗan mamacin ya miƙe ya yi jawabi, Bitrus yana fassara. Ya gode wa hukuma da ta tuna da mahaifinsu. Ya ce tun da Allah ya kawo mu, a duba musu maganar hanya, da rijiyar burtsatse da ta lalace, da rufin makaranta. Ya gama, kowa ya juyo yana kallon Baba.

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ga sakatare nan."

Jama'a, ni ma'ajin kaya ne a ofis, biro da takarda nake bayarwa. Gidana ma ga jan fenti a jiki. Amma na miƙe. Na ce mu ba gwamnati ba ne, mutanen Karmo ne, maƙwabta ne kawai da suka fito ganin gari. Bitrus ya fassara. Sai dattijon ya yi wata magana, mutane suka gyaɗa kai.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ya fi kyau. Gwamnati ba ya zama ya ci abinci, ku za ku ci."

Aka kawo doya da miya. Babu yadda za a ƙi. Muka ci, muka yi addu'a, su da tasu mu da tamu, Baba ya raba goro, ya bi kowa ya ba shi hannu, har da waɗanda suka zo bayan mun miƙe. Tukunya ko ɗaya ba mu gani ba, sai wadda aka zuba mana ruwan wanke hannu daga ciki.

A mota Hajiya Talatu tana share ido da gefen mayafi ta ce, "Wai namiji ne ko mace?"

Na ce, "Hajiya, kin yi wannan kuka ba ki ma sani ba?"

Ta ce, "Ni dama ina da kukana a ajiye, wuri na samu."

Na juya ga Baba. "Kai ko sunansa ka ji?"

Ya ce, "Wanda zai karɓe shi ya san sunansa."

Muka yi azahar a gindin dutse. Na duba rana, na ga in aka yi sauri za a iya. Kuma gaskiya hankalina ya ɗan kwanta, domin Bitrus ya tabbatar mini tsohon garin kufai ne, babu ko akuya a can. Na ce a raina, yau dai Baba ya rasa wanda zai gaisar.

Hawan ya ba mu wuya. Masu ƙiba suna hutawa suna zagina a hankali, ina ji. Baba kuwa ya tattare rigarsa ya ɗora a kafaɗa, yana tafe yana nishi. A sama muka tarar da abin da ya rage: guntayen bango na ƙasa da dutse, da da'irar rumbuna, da ramukan da mata suka yi a jikin dutse saboda niƙa. Daga nan kana hango Abuja can nesa, fara fat, da ƙarafan gini a tsaye ko'ina.

Na fara bayani kamar yadda Bitrus ya gaya mini, cewa mutanen da sun zauna a nan ne saboda tsoron mahara. Ban kai ƙarshen jimla ba na ji murya a bayana.

"Salamu alaikum."

Baba ne, a tsaye a bakin wata ƙofa da babu ɗaki a bayanta. Ya yi sallama, ya jira. Ya sake yi, ya jira. Sannan ya matsa ƙofa ta gaba.

Na ce, "Baba, babu kowa."

"Na sani."

"To wa kake wa sallama?"

"Gidan mutane ne, Usmanu. Don ba sa nan sai in faɗa musu kamar ɓarawo?"

Matasa suka fara dariya. Wani ya ce, "Baba, sun amsa?" Ya ce, "Ba su amsa ba. Kai ma ranar da na zo gidanka da safe ba ka amsa ba, kuma kana ciki." Aka sake fashewa, wanda aka faɗa wa ya sunkuyar da kai.

Da ya kai wani wuri mai faɗi da Bitrus ya ce nan ne zauren mai gari, sai ya cire takalmi ya shiga a kan ƙaya da tsakuwa. Ya tsaya. Dariyar ta mutu da kanta. Hajiya Talatu ta zauna kusa da ramin niƙa, ta sa tafin hannunta a ciki, tana shafawa.

Ta ce, "Mu ma haka za a zo a riƙa kallon namu?"

Baba ya ce, "Ina. Waɗannan an bar musu bango. Katafila ba ta barin bango."

Ni kaina na rasa abin da ke biye a tsarina na ɗan lokaci.

Sai Baba ya juya ga Bitrus. "Ina suka koma?"

"Wasu sun sauka ƙasa saboda ruwa, Baba, tun kakanni. Wasu lokacin da gari ya zo aka kai su wani wuri. Akwai tsohuwa ɗaya, an haife shi a nan, yana ƙauye bayan dutsen can."

Na ga idon Baba ya yi haske, na san abin da ke tafe. Na tsaya a gabansa.

"Baba, ba za mu je ba."

"Mun shiga gidanta, mun taka ɗakin uwarta, ba za mu je mu ce mata sannu ba?"

"Ba za mu je ba. Na tara mutanen nan ne don abu ɗaya. In rana ta faɗi babu hoto, kuma ba za mu sake haɗuwa haka ba. Ka sani, na sani."

Ya dube ni ya daɗe. Tun da nake da shi ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya sa takalminsa, ya ce, "To, sakatare. Mu je mu gaida ruwa." Ya zaro atamfar nan daga jaka ya ba Bitrus, ya ce ya kai wa tsohuwar duk ranar da ya bi ta can, ya ce mata wani mai guga ya zo bai same ta ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Gwiwar Baba ta ƙi, sai da maza biyu suka riƙe shi, kuma bai fasa yi wa kowannensu sannu ba a duk inda aka huta. Muka yi la'asar a gurguje. Bitrus ya taka mota iya ƙarfinta. Duk da haka, muna shan kwanar ƙarshe na hango mai gadi yana zura sarƙa a ƙofar dam.

Na sauka da gudu. Na yi masa bayani bi da bi: daga ina muke, me ya kawo mu, me zai faru da layinmu, hoto ɗaya kawai muke so. Ya saurara har ƙarshe, mutum ne mai hankali. Ya ce, "Oga, an tashi. In na buɗe, aikina ne zai tafi."

Sai ga Baba yana ɗingishi. Na ba shi wuri, na ce a raina yau wannan hali nasa zai yi mana rana. Ya ba mai gadi hannu. Ya tambaye shi aiki, da gajiya, da iyali. Ya tambaye shi garinsu. Ashe mutumin Zuru ne, kuma mahaifiyarsa na fama da ciwon baya, kuma matarsa na da tsohon ciki. Baba ya ba shi sabulun nan ya ce a ajiye wa mai jego, ya ba shi goro, ya gaya masa ganyen da ake dafa wa ciwon baya. Mai gadi har da riƙe hannun Baba da hannu biyu. Rana tana ta sauka, ni ina tsaye da kyamara kamar gunki.

Da suka gama, Baba ya juyo ya nufi mota.

Na ce, "Baba, ba ka roƙe shi ba."

"In roƙe shi me?"

"Ya buɗe mana."

"Ai ya gaya maka aikinsa ne. So kake a kore shi, matarsa na kan gwiwa?"

"To duk wannan gaisuwar ta mece ce?"

Ya ce, "Ta gaisuwa ce."

Na zauna a kan wani dutse a bakin hanya. Ban ɓoye muku ba, na gaji, gajiyar da ba ta ƙafa kaɗai ba. Mutane suka bi shinge suna leƙe. Ta tsakanin bishiyoyi ana hango wani ɗan siririn abu yana ƙyalli, bai fi faɗin ɗankwali ba. Hajiya Talatu ta ce, "Shi ke nan ruwan?" Baba ya kare ido da hannu ya duba, ya ce, "Shi ne. Ya fi kyau a jarka, can ko ba komai ana ganinsa."

Shi ne kuma ya zo ya tsaya a kaina. "Tashi, Usmanu. Hoton ruwa kake so ko na mutane? Ga mutane nan, sauran haske kaɗan."

Na tashi na jera su, dogaye baya, gajeru gaba, mata a dama. Baba ya ce ba za a ɗauka ba sai mai gadi ya shigo, don a ƙofarsa muke. Bitrus ya karɓi kyamara. Hoton da ke gidajenku ke nan: mu duka, fuska a yamutse, ƙafa duk ƙura, bayanmu ƙofar ƙarfe da sarƙa, a tsakiya kuma wani bawan Allah ɗan Zuru riƙe da sabulu. Duk baƙon da ya gani a ɗakina sai ya tambaya ko gidan yari muka je ziyara. Shinkafar Hajiya a mota muka ci ta, a sanyaye, muna komawa.

Har yau ban yarda cewa Baba ya kyauta a ran nan ba, kuma na gaya masa yana da rai. Tsari tsari ne. Shi kuma ya ce tafiya ce mai albarka, an yi ta'aziyya, an gaida mai ciki, abu ɗaya kawai ya ɓata ta, tsohuwar da na hana shi gani.

Katafila ta zo bayan damina. Muka watse yadda aka zata. Ni na samu ɗaki a Karu, Hajiya Talatu ta koma Lugbe, wasu Mararaba, wasu Suleja, Baba kuma aka ba shi wani ɗan shago a Dei-Dei. Na ɗauka shi ke nan. Ban yi wata guda a sabon wuri ba na ji sallamarsa a ƙofa, ranar Asabar, daidai lokacin da na kwanta in huta. Yadda ya gano gidan, ban sani ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya gaya mini wa ya samu aiki, wa aka yi wa tiyata, 'yar wa za a aurar, sannan ya ce, "Ran Juma'a suna a Lugbe. In ba ka zo ba zan ce ba ka da lafiya, su taho duba ka gaba ɗaya." Dole na je. Haka ya yi ta yi da mu shekara da shekaru, daga wannan bas zuwa wancan, da ƙullin guga a ka da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Kowannenku ya taɓa jin sallamarsa a lokacin da bai so ba, kuma kowannenku ya buɗe.

Ranar jana'izarsa na yi ƙoƙarin daidaita sahu, abin ya fi ƙarfina. Mutanen layinmu sun zo kaf, in ban da waɗanda suka riga shi. Sauran kuwa ban san su ba: 'yan acaɓa, masu gadi, wani Ibo mai sayar da taya da ya tsaya daga gefe hula a hannu, wani babban ma'aikaci da direbansa. Na tambayi ɗaya, "Ɗan'uwanka ne?" Ya ce, "A'a, yana dai zuwa gaishe ni."

Da aka watse, Hajiya Talatu ta tsayar da ni a bakin titi. Ta tsufa, da sanda take tafiya yanzu. Ta ce, "Malam Usman, yanzu wa zai riƙa gaya mana?" Na dai tare mata mota, na tambaye ta kwatancen gidanta, ta yi mini, na maimaita har ya zauna.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya hutar da ƙafafunsa. Allah ya ba shi maƙwabta na gari, a gidan da ba a tashin kowa.